Kwano Mai Suna

Da rana ni ke riƙe littafin Kawu Tanimu
a rumfar albasa, kasuwar Mil Sha Biyu.
Da dare, in danfo ya zubar da ni Agege,
sai in hau bene, saman shagon mai gyaran waya,
inda Malama Morenike ke koya mana magana da na'ura:
mu bakwai, kwamfuta huɗu, fanka ɗaya mai ciwon wuya.

Daren farko ta rubuta a allo:
farashi = 40000.
Ta ce, wannan kwano ne.
Ka raɗa masa suna, ka zuba abin da ke hannunka.
Gobe ka juye, ka zuba wani;
sunan na nan, cikin ke sauyawa.
Na yi dariya ni kaɗai.
Wa za a koya wa haka a Legas?
Buhun da muka sayar da hantsi
kafin la'asar ya ƙara dubu uku
don mota ta kwana a gadar Jebba,
kuma har yanzu buhu ake ce masa.

Sai ta rubuta: buhu = buhu + 1.
Da Malam Inusa na firamare ya ga wannan
da bulala ta yi magana.
Ta ina abu zai yi daidai da kansa har da ƙari?
Ta ce, sandunan nan biyu ba sikeli ba ne,
hannu ne: ɗebo na ciki, ƙara ɗaya, mayar.
Ashe haka Kawu ke ƙirga kaya a gindin tirela
shekara ashirin, ba wanda ya ba shi takarda.

Na'ura dai ba ta san kara ba.
Na ba ta biyar da biyar,
ta dube ni ta ce hamsin da biyar.
Na ce ta taɓu.
Malama ta nuna 'yan ƙahonin da na kafa wa lambar:
ka sa mata rigar rubutu, ta zama rubutu,
shi kuwa ba a tara shi, jera shi ake yi
kamar fasinja a benci.
Manja ba ya zama a kwando.
Adadin buhu lamba ce cikakkiya,
kilo kuwa yana jan wutsiya bayan ɗigo.
Lambar wayar Kawu, duk da lambobi ne, suna ce:
yar da sifilin gabanta ka kira,
ka ji ko za ta shiga.

Akwai ɗan kwano mai cin abu biyu kacal,
gaskiya ko ƙarya.
Na sa masa suna ya_biya,
sai na tuna Alhaji Barau mai "sai jibi",
da Iya Bose mai "riƙe rabi tukuna".
Kasuwa cike take da kusan-kusan,
na'ura ta ce ba ta da mazubinsa.

Mako na uku na ɗinka su a layi ɗaya:
riba = buhu * farashi - sari - mota - dako.
Ninki ke wucewa gaba, ragi ya bi baya,
sai in ka sa baka biyu, masu buɗe hanya
kamar jiniya a cunkoson Oshodi.
Na danna. Amsa ta fito, fes.
Na kwana ina juyi, ba don sauro ba.

Da asuba na kai wa Kawu a waya.
Ya karɓa da yatsu masu warin albasa,
ya nisantar da ita daga ido, ya yi shiru,
leɓensa na motsi.
Ya riga na'urar isa, na gani a fuskarsa.
Ya ce, yaronka ya iya lissafi,
amma bai taɓa kwana a rumfa ba.
Ina kwanon wadda ta ruɓe?

Sama ta riga ta haɗe ta wajen Ikorodu.
Na zauna kan buhu, na ƙara layi:
ruɓa = 0.
Ɗigon farko ya buga kwanon rufi.